Shekarar da Na Kawo Kwalbar Haƙora Gida

'Ya'yana, duk lokacin da muka je gida, ina ganin yadda kuke kallon juna idan tsofaffin matan tunga suka kira ni Kulu Mai-kwalba. Kun tambaye ni, na ce tsohon zance ne. Kun tambayi wasu, kowa ya ba ku nasa. Wani ya ce a jami'a na shiga ƙungiyar asiri, wani ya ce sai da liman ya yi mini ruƙiyya na dawo hayyacina. Ɗaya daga cikinku, ba zan kama suna ba, har ta taɓa raɓowa kusa da ni tana tambaya a hankali wai da gaske ne na tona kabari. To, tun ina da sauran ƙarfin riƙe alƙalami, bari in faɗa muku yadda abin ya faru, don ni na ɗauko kwalbar, kuma ni na san abin da ke cikinta.

A lokacin ina jami'a, ina karanta ilmin halittu. Karatun bai gagare ni ba, amma zuciyata ba ta wurin. Na tashi a tungar masunta kusa da Wara, inda ciwon haƙori ba a kai shi asibiti, haƙuri ake ba shi. Mutum ya cusa garin taba ko kanumfari a kogon, ya ɗaure kumatu da tsumma, ya shiga jirgi ya tafi su. Idan abin ya ci tura, a je wurin wanzami ya sa awartaki. Ina yarinya na ga wata maƙwabciyarmu da kumburin haƙori ya sauka mata wuya, aka yi ta shafa mata magani har ta cika, aka ce kwana ne ya ƙare. Kwana kam ya ƙare, amma ban taɓa daina tunanin fuskarta ba. Don haka da na ji cewa akwai makarantar likitan haƙori a kudu da ke ɗaukar 'yan kaɗan daga ɗaliban wasu fannoni idan makinsu ya yi kyau, sai na ji kamar ni aka buɗe wa ita. Sharaɗin shi ne jarrabawa iri biyu, ta takarda da ta hannu. A ta hannun za a ba ka guntun kaki da 'yar wuƙa, a ce ka sassaƙa haƙori. Ta takarda ba ta ba ni tsoro ba, don ni mayyar haddace littafi ce. Hannuna ne ban yarda da shi ba, hannun da ko tuwo ya kwashe sai Inna ta sake mulmula shi.

Akwai wani dattijon likitan haƙori a asibitin gwamnati na garin da jami'armu take. Na yi ta zarya wurinsa har ya gaji ya bar ni in riƙa tsayawa a bayansa ina kallon aiki idan ba ni da lacca. Wata rana na nuna masa haƙorin da na sassaƙa da sabulu. Ya juya shi, ya sake juyawa, ya tambaye ni ko gyaɗa ce.

"Hoton littafi a shimfiɗe yake," in ji shi. "Haƙori kuwa yana da gaba da baya, da tudu da kwari. Sai kin riƙe na gaske kin yi ta juya shi kafin hannunki ya san shi."

Ya ɗauko wata kwalba mai faɗin baki, cike da ruwan magani, da haƙoran da ya cire wa marasa lafiya a ciki, ya ba ni.

"Duk ruɓaɓɓu ne, don lafiyayye ba ya zuwa hannuna. Ki yi maneji da su. Amma in Allah ya haɗa ki da turmi, haƙorin taunar nan na can ciki, lafiyayye ko ɗaya ne, ya fi miki waɗannan gaba ɗaya."

Da wannan kwalba a ƙasan akwatina na sauka Yelwa da aka ba mu dogon hutu, na shiga jirgi zuwa gida. Jarrabawar tana ƙarshen hutun.

Ku da kuka san Inna da tsufa, zaune a kan darduma, ba ku san Inna ba. A shekarun nan ita ce gidan. Baba masunci ne, amma ƙirji ya fara damunsa, ya fi zama gyaran taru fiye da shiga ruwa. Bandar kifin Inna ce ke ciyar da mu, ita ce kuma ta kai ni jami'a. Yadda sana'ar take a wurinmu, kowace mai banda tana da masuntanta. Idan jirage suka dawo da safe, kowane masunci ya san gaban wadda zai juye kifinsa, ba a ciniki da wata sai in ita ta ce ba ta so. Wasu daga cikin masuntan Inna, tun iyayensu ke juye wa mahaifiyarta. Ba rantsuwa ba shaida, yarda ce kawai ke riƙe da abin. Inna ta kwaso karfasa da tarwaɗa da kurungu, mu feɗe, mu lanƙwasa, mu jera a kan waya, hayaƙi ya yi ta tashi a bayan gida har ranar kasuwa.

Ni kuwa da na gama taya ta aiki sai in zauna a inuwar zaure da sandar sabulun wanki da 'yar wuƙar Baba ta gyaran taru, in tsamo haƙori ɗaya daga kwalba a ɓoye in ɗora a cinya, in yi ta fere. Inna ta san da kwalbar tun ranar da na iso. Ta leƙa, ta yi tsaki, ta ce in rufe abina kada in ɓata mata cin abinci, shi ke nan. Sabulun ne ya fi damunta.

"Kulu, wanga karatu naki sabulu shika ci? Kin aske min sanda guda, ko kallabi ban wanke ba."

Ta ɗauki ɗaya ta ɗaga shi sama.

"To mi as sa duk naki da rami ga kai? Haƙoran turawa haka nan suke?"

Na ce mata abin da nake gani shi nake kwaikwayo, na kwalbar duk sun ruɓe, ban taɓa riƙe turmi cikakke ba balle in san yadda samansa yake. Ta ce Allah ya kyauta, ta tattara ɓarɓashin sabulun a ƙoƙo don wanki.

Daga nan ne dabara ta zo mini, na tafi wurin Kawu Tanko. Shi ne wanzamin yankinmu, shi ya yi mini askin suna, shi ke cire wa mutane haƙori. Na san al'adarmu sarai. Idan wanzami ya cire haƙori, a ganye yake naɗe shi ya damƙa wa mai shi a hannu, shi kuma ya je ya binne inda ba wanda ya gani, ko ya jefa a tsakiyar ruwa. Haƙori, gashi, farce, ba a barinsu a hannun wani, don da su ake yi wa mutum sammu. Na san wannan, amma a tunanina baƙo ake tsoro. Ban taɓa kawowa a raina cewa 'yar gida, wadda aka ga haihuwarta, za a iya yi mata wannan zato ba. Na same shi yana wasa aska, na durƙusa na gaishe shi.

"Kawu, alhwarma nika biɗa. In an zo cire haƙori, wanda bai ɓaci ƙwarai ba, ka aje min."

"Haƙorin wa?"

"Na kowa, Kawu."

Ya dakata da wasa askar.

"Na kowa. Ke ɗiyar Manu, mi za ki yi da haƙorin mutane?"

"Karatu za ni yi da shi."

"Wane irin karatu na aka yi da haƙorin ɗan Adam? Tashi. Ban ji ba, ke ma ba ki hwaɗi ba."

Ya ce bai ji ba, amma kafin la'asar rabin tunga ta ji. Washegari Gwaggo Ige, maƙwabciyarmu kuma ƙawar Inna tun suna 'yan mata, ta shigo wai aron rariya. Rariya a madafa take, amma sai ga Gwaggo Ige a ɗakina. Ta ga haƙoran sabulu jere a bakin taga, ta ɗaga zanen da na rufe kwalba da shi. Salatin da ta saka, har awaki sai da suka watse. Ta fita ba rariya, ba sallama.

Abin da ya biyo baya ban taɓa mantawa da shi ba. Da safe na bi Inna bakin ruwa da kwanduna kamar kullum. Jirage suka fara isowa. Masuncin farko, wanda Inna ta yi wa goyon ɗansa, ya sauko da kifinsa, ya gaishe ta da ladabi, idonsa a ƙasa, ya wuce ya juye a gaban wata. Na biyu ma haka. Ba wanda ya zage mu, ba wanda ya ɗaga murya. Da zagi suka yi da ya fi mini sauƙi. Inna ta tsaya ƙyam har jirgi na ƙarshe ya ɗaure, tana amsa gaisuwar kowa, sannan ta kifa kwandunan cikin juna ta ɗora a kai muka koma. A hanya na ji wata tana ce wa 'yarta kada ta yi dariya a gabana, in ga haƙoranta. Kwana ya bi kwana, murhun banda ya huce har kaji suna birgima a tokar.

Baba mutum ne mai sanyi, amma sunan gida ba ya wasa da shi. Ya kira liman. Liman, Allah ya ji ƙansa, ya yi adalci. Ya saurare ni har na gama, ya ce shi bai ga tsafi a nan ba, neman ilmin magani kuma abu ne mai lada, sai dai sassan jikin ɗan Adam suna da alfarma, binne su ya fi. Na yarda. A gaban dattawa aka haƙa rami a bayan masallaci aka juye kwalbar. Na ɗauka magana ta mutu. Ashe cewa za a yi an binne na fili, saura na ɓoye. Bayan sallar Juma'a Baba ya kira ni zaure.

"Kulu, kudu ba ki zuwa. Ki ƙare wanda kika yi, ki dawo ki koyar ga makaranta awa kowa. Dibi uwarki. Wagga sana'a tun kakarki take, ba ni bari ta mutu don haƙoran banza."

Na so in yi gardama, amma da me? Gaskiya ya faɗa. Na yi kuka har na gode Allah, na ji haushin tunga da duk wanda ke cikinta, na ji haushin kaina. Da na gaji, sai na tattara haƙoran sabulun na zuba wa Inna a ƙoƙon wanki, na ce mata na haƙura. Ta dube ni, ta dubi ƙoƙon, ta ɗauke shi ta ajiye.

Ana cikin haka Inna ta tashi da ciwon haƙori. Ta ɗaure kumatu da kallabi, ta daina cin tuwo sai kunu, tana nishi duk wanda ya shigo ya ji. Na ce ta buɗe baki in duba, ta ture hannuna.

"Ba ki zama likita ba tukuna. Ran kasuwa ki raka ni ga Tanko."

Ranar kasuwar Wara, Kawu Tanko a gindin wata tsamiya yake shimfiɗa zabirarsa, daf da layin masu kifi. Na ce wa Inna mu bari mu same shi a gida, inda ba idon jama'a. Ta ce ciwo ba ya jira. Muka isa da hantsi, kasuwa ta cika, matan tungarmu duk suna nan a bayan kwandunansu, har da Gwaggo Ige. Inna ta ratsa tsakiyarsu da ɗaurarren kumatu, tana gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ta zauna a kujerar wanzami ta kwance kallabin. Ta sa yatsa ta nuna masa turmin ƙasa na hagu. Ya leƙa, ya ƙwanƙwasa shi da bakin awartaki, ya sake leƙawa.

"Wanga haƙori ban ga laihinai ba."

"Ga bakinka shike ko ga nawa? Ni ad da ciwo. Cire."

Ba allurar kashe zafi, ba komai. Wani almajirin aski ba a samu ba, sai wata mata ce ta riƙe mata kai. Ni na riƙe hannunta. Ruɓaɓɓen haƙori ba ya wahalar fita, wannan kuwa ya ƙi. Kawu Tanko ya yi gumi, ya girgiza, ya murɗa, ya huta, ya sake kamawa. Inna ta matse hannuna har na ji ƙasusuwana suna haɗuwa, hawaye na zuba ta gefen idonta, amma ko uffan ba ta yi ba. Da ya fito, jini ya wanke mata gaban riga. Ya ba ta ruwan gishiri ta kurkure, ya naɗe haƙorin a ganye ya sa mata a tafin hannu kamar yadda aka saba. A lokacin kowa a layin kifi ya bar ciniki yana kallo.

Inna ta miƙe tana tangaɗi. Ta warware ganyen ta yar, ta ɗaga haƙorin yadda kowa zai gani, ta kamo hannuna ta buɗe shi ta ajiye a ciki. Maganarta ba ta fita sosai saboda jini, amma an ji ta.

"Ige, kin gani? Ku duka kun gani? Ga nawa na ba ta. In ɗiyata sammu taka yi da haƙori, ta hwara da uwatta. Ku sa min ido. In na haukace, ko na rame, ko na mutu, kun yi gaskiya. In ko ba abin da yas same ni, ku ji tsoron Allah."

Ta tofar da jini, ta ɗaure kallabinta, ta ce in zo mu tafi. Sai da muka zo bakin ruwa muna jiran jirgi na tsuguna na wanke haƙorin. Fari tas, saiwoyinsa cikakku, ba kogo, ba tsaga, ko ɗigon baƙi babu. Ga tudun nan da kwarin da dattijon likita yake faɗa, ga su a tafin hannuna. Na ɗago na dube ta. Na ce, Inna, wanga haƙori lahiyarshi lau. Ta juya tana kallon ruwa, ta ce in rufa mata baki, kanta ke ciwo.

Labari ya riga mu isa gida. Mun tarar da Baba tsaye a ƙofar zaure. Ya dubi rigar Inna, ya dubi kumatun da a yanzu ya kumbura da gaske. Ya miƙo hannu, na ba shi haƙorin. Ya daɗe yana juya shi. Masunci ne, ba likita ba, amma ba sai an gaya masa ba. Ban taɓa ganin idon Baba ya kawo ruwa ba sai ran nan. Ya mayar mini da shi.

"Tunda abin ya kai haka, ki tahi. Amma kar ki dawo min gida sai kin koyo yadda aka maida shi."

Kada ku ɗauka washegari komai ya gyaru. Mutane sun sa wa Inna ido kamar yadda ta ce. Ta yi zazzaɓi, wurin ya yi ruwa, har na tsorata, wasu kuma suka fara gyaɗa kai. Sai Allah ya ba ta lafiya, ta fito bakin ruwa da kwandunanta tana zolayar kowa. Masuntanta suka fara dawowa ɗaya ɗaya, kowa da borin kunyarsa. Wasu ba su dawo ba har abada. Gwaggo Ige ba ta sake taka gidanmu ba, kuma na san wannan ya fi cire haƙorin yi wa Inna ciwo, ko da yake ba ta taɓa faɗa ba. Ni kuwa sauran hutun nan a kan haƙori ɗaya na ƙarar da shi. Na juya shi da ido, na juya shi da ido a rufe, na fere sabulu har yatsuna suka yi kanta, Inna ba ta ƙara yin ƙorafin wanki ba. Ranar jarrabawar hannu aka ce mu sassaƙa turmin ƙasa. Hannuna ya yi aikinsa, ni kuwa ina ta faman share ido don in ga abin da nake yi. Aka ɗauke ni.

Shekarun karatun sun yi tsawo, kuma a cikinsu ne na fahimci abin da Inna ta bayar. Turmin nan shi ne ginshiƙin tauna. Idan ya tafi, na kusa da shi su karkato, na sama ya zazzago, mutum ya koma ci da gefe guda. Duk hutun da na zo sai in zauna ina kallon yadda take juya lomar tuwo zuwa dama, tana cire wa kanta ƙashin kifi a hankali, ta bar rake da goriba da take so. Duk abin da malamanmu suka ce zai faru, na gan shi yana faruwa a bakin mahaifiyata. Kun sha yi mini tsiya wai na fi kowane likita rowar cire haƙori, mutum ya zo da kansa yana roƙo in ce a bari mu gwada ceto shi. To, yanzu kun san dalili.

Da na gama, na fara aiki, na sami hannu sosai, sai na haɗa kayana na auna baki na tafi gida musamman. Baba yana raye a lokacin. Na ce masa na koyo abin da ya aike ni. Ya yi murmushi ya nuna mini bayan gida da haɓa. Na tarar da Inna a bakin murhu tana juya kifi, hayaƙi ya rufe ta. Na buɗe jaka na yi mata bayani, na ce ba zafi, za a yi mata sabo fari wanda ba mai gane ba nata ba ne, ta koma shan rakenta. Ta saurare ni har ƙarshe, tana taɓa giɓin da harshe. Sannan ta rufe mini jakar da kanta.

"Bar shi, Kulu. Duk wanda yac ce min ina shaidar ɗiyata likita ta, baki nika buɗe mishi. In kin cike shi, mi za ni nuna?"

Na roƙe ta a wannan zuwan, na roƙe ta a na gaba, har na daina. Da giɓinta muka yi mata wankan gawa.